Fim Tara, Babu Muryar Inna

Tun yana ɗan ashirin da 'yan kai ake kiransa Darakta, lokacin ko kyamarar kansa ba shi da ita. Da tsokana aka fara, sunan ya bi shi har furfura. Bai taɓa shiga ƙarƙashin wani kamfani ba. Shi ke rubuta labarinsa, shi ke lallashin 'yan wasa, shi ke saɓa fitila a kafaɗa idan mai fitila ya yi fushi ya tafi. Ya yi zamanin kaset, ya yi na faifai, ga shi yanzu a zamanin da mutum zai buɗe aikin shekara biyu a waya, ya tsallake rabinsa da ɗan yatsa. Fim tara ya yi. Ɗaya ya ciyo masa lambar yabo ta gilashi, da ita ake tokare ƙofar shagonsa don iska ta shigo. Bayansa na ciwo, idonsa na yaji, kuma maganar gaskiya ya gaji.

Yawancin fina-finan a gidan mahaifiyarsa ya ɗauke su. Tsakar gidan Inna ta yi asibiti, ta yi kotu, ta yi gidan attajiri da labulen aro. Ita kuwa ba ta fasa hidimarta, sai ya riƙa barin ta a bayan 'yan wasa tana shara, tana shanya, tana wucewa da bokiti. Cewa yake gida ba ya kama da gida sai da tsohuwa a ciki.

Aibin gidan ɗaya ne, hayaniya. Injin niƙa a maƙwabta, janareta a baya, babura a titi. Don haka idan an gama ɗauka sai ya share sautin wurin kakaf, 'yan wasa su je shagonsa su maimaita maganarsu a gaban makirufo. Duk inda Inna ta buɗe baki a hoto, wata jaruma mai zaƙin murya ake sawa ta cike gurbin. Ranar da Inna ta fara ganin haka ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ni yaushe na koyi wannan yangar?"

Bara Inna ta rasu. Bayan 'yan watanni ƙanwarsa, autarsu, ta zo shagon ta zauna a kan akwatin kyamara.

"Yaya, na fara manta muryarta," in ji ta. "Jiya na yi ta ƙoƙarin in ji yadda take kirana, abu ya ƙi. Ka san ta da waya, ba ta yarda da saƙon murya ba. Kai da ka yi shekaru kana ɗaukarta, ciro min ko minti ɗaya ne."

"Wannan ai ƙaramin aiki ne, Auta. Ki dawo jibi."

Sai da ya zauna gaban kwamfuta ya gane ba ƙaramin aiki ba ne. Ga Inna a kowane fim, leɓenta na motsi, muryar wata ce ke fita. Asalin abin da ya ɗauka kuwa, tuni ya ɗora sabon aiki a kansa, don bai taɓa samun wadatar wurin ajiya ba. Auta ta dawo, ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Ta sake dawowa, ya ce wuta aka ɗauke. Kunya ta hana shi faɗa mata.

A ƙasan wani kwali ya tono wani tsohon kaset da ya tsira, duk ya yi fumfuna. Ya goge shi da auduga, ya aro na'urar kunnawa wajen mai gyaran rediyo. Yana cikin haɗa wayoyi Auta ta yi sallama, ta ja kujera kusa da shi.

Hoto ya fito yana rawa. Tsakar gida ce da rana, ƙarar injin niƙa ta cika ko'ina. Inna ta fito daga ɗaki da faranti a hannu, da sauran ƙarfinta, ta dubi wajen kyamara.

"Wai ku ba za ku..."

Sai muryarsa ta ƙuruciya ta tsawata daga bayan kyamara: "Haba Inna, shiru mana! Ana ɗauka!"

Inna ta toshe bakinta da hannu, ta ja da baya cikin sanɗa, ta jingina da bango. Haka ta tsaya riƙe da farantin har 'yan wasa suka gama, har kaset ɗin ya ƙare.

Auta ta share fuska da gefen mayafinta. "Mayar baya."

Ya mayar. Suka sake ji, suka sake.

"Yaya," ta ce a hankali, "me take son ta ce?"

Darakta ya daɗe yana kallon bakin Inna a allon. Bai sani ba. Ko a ranar, da aka kashe kyamara, bai juya ya tambaye ta ba.