Wutar da Aka Ce Yaya Ne Ya Kunna

Har yau a unguwarmu a Aliero cewa ake yi yayana ne ya kunna wuta da babur a gonar albasa. Ana ba da labarin a wajen suna, ana jinjina kai. Ƙarya ce. Abin da Yaya ya bayar a ranar ƙafarsa ce kawai, ita ma da ƙorafi.

A shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ne. Na gama sakandare ina zaune gida, ina son in sake rubuta jarrabawar kimiyya. Baba kuwa yana ganin kimiyyar da ta fi dacewa da ni tana Maiyama, a madafin Gwaggo, ƙanwarsa, wadda ta yi alkawarin mayar da ni mutum cikin shekara guda. Laifina shi ne na taɓa ƙona tuwo. Sau ɗaya. A gidanmu ba a manta tarihi.

Lokacin cirar albasa ya zo, aka ɗauki 'yan ƙodago, aka ce ni zan dafa musu a gona can hanyar Jega. Baba ya faɗa a gaban kowa: in abincin nan ya lalace, in haɗa kayana sai Maiyama.

Bazara ce, iska na kaɗawa kamar an aiko ta. Inna ba ta yarda da ashana ba, ta ce ta zamani ba ta da albarka. Ta yi abin da ake yi in za a ɗebo wuta a maƙwabta: ta zuba garwashi a kasko ta rufe da toka. Abin da ba ta lissafa ba, maƙwabta ba a zuwa musu a kan babur. Yaya, wanda zai kai ni gonar, ɗan kabu-kabu ne, kuma a wurinsa birki ado ne. Kafin mu bar gari toka ta koma fuskata, garwashin ya bi iska, guda ɗaya ya tsaya ya huda mini gyale don kar in ce bai yi sallama ba.

A gona na fito da ashanar da na ɓoyo. Ina ƙyastawa iska na kashewa, har kwalin ya ƙare. Rana ta yi sama, 'yan ƙodago suna ɗago kai suna duban tukunya mai sanyi.

"To 'yar boko," in ji Yaya, "ki yi mata Turanci ko ta kama."

A nan na tuna malaminmu na kimiyya, wani ɗan bautar ƙasa da muke yi wa dariya saboda yawan surutun jirage. Ya taɓa ce mana akwai jirgin da ke wuce sauti gudu, iska na ratsa injinsa da sauri har mai ba ya samun zarafin kamawa. Ya ce masana na gwada abu biyu: su yi wa wutar ɗan lungu inda iska ke lafawa, sannan su yi ta sakar mata tartsatsin lantarki ba tsayawa, irin ƙaramar walƙiya, wai filasma. Ashana sau ɗaya take magana ta yi shiru. Ana bukatar abin da ba ya gajiya da maimaitawa.

"Yaya, cire fulogin babur ɗinka."

"Mi?"

"Cire shi. Ko ka tafi ka gaya wa mutanen ga su ci ɗanyar albasa."

Ya cire yana zagin makarantar da ta lalata ni. Na yagi gefen gyalen da ya riga ya mutu, na tsoma a tankin mai, na cusa a gwangwanin madara. Na mayar wa fulogi wayarsa, na jingina gindinsa da ƙarfen injin, na kifa masa bakin gwangwanin. Na ce ya yi ta buga kik. Shuɗin tartsatsi ya rinƙa tsalle a ciki, tas, tas, iska na wucewa ta waje ba ta same shi ba. Tsumman ya kama. Na kai shi ramin da na tona a ƙarƙashin tukunya, kara ya karɓa. Shinkafa da wake suka dahu, ba su ƙone ba, kowa ya ƙoshi.

Da yamma a zaure, 'yan ƙodagon suka ba Baba labari. Su daga nesa abin da suka gani namiji ne yana ta harbin babur, sai ga hayaƙi. Baba ya dafa kan Yaya ya sa masa albarka. Yaya ya sunkuyar da kai cikin tawali'u irin na manyan masana. Ni kuma aka ce yarinyar da sai an kunna mata wuta, ta kuma ƙona gyalenta, ai Gwaggo na da aiki. Ranar kasuwar Jega za a sa ni mota.

Ban yi kuka ba, ba ni da lokacinsa. Da safe, Yaya na wanka, na ɗauki sifanarsa na kwance fulogin na ƙulle a bakin zanena. Ya fito ya yi ta buga kik har gumi ya wanke masa wankan.

"Ke, ina fulogina?"

"Yana nan lafiya. Kai da kake kunna wuta da basira, tada babur ai ba zai gagare ka ba."

Na yanke shawara fulogin zai zauna a zanena har sai Yaya ya shiga zaure ya faɗa wa Baba, da bakinsa, wa ya ce a cire shi a kunna wuta a gona. In kuma ya ƙi, to da ni da fulogin za mu je Maiyama tare.