Dokta Heamasi Lolohea da Garken da Ya Hana Gwaggonsa

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Dokta Heamasi Lolohea a shekarar 1940 a garin Pangai da ke tsibirin Lifuka, cikin yankin Ha'apai na ƙasar Tonga. Mahaifinsa, Taniela Lolohea, manomin doya ne kuma mai wa'azi a majami'ar garin, mahaifiyarsa Veisinia kuwa masaƙiyar tabarma ce. Shi ne ɗan fari, kuma kamar kowane yaro a garin ya tashi yana fasa wa aladun gida kwakwa safe da yamma. Wadda ta raɗa masa suna ita ce gwaggonsa Melenaite, yayar mahaifinsa, mace mai zafin baki da ba ta faɗar magana sau biyu. A wurinmu gwaggo tana gaba da kowa a gidan ɗan'uwanta: abin da ta nuna da yatsa ya zama nata, kuma ranar da ɗan ɗan'uwanta ya rasu ita ko 'yarta ce ke zama wajen kan gawa, wurin da ba a yarda wani ya zauna ba.

Karatu da Aure

Ya yi firamare a Pangai da sakandare a Nuku'alofa, kuma sakamakon hazaƙar da ya nuna a fannin kimiyya aka tura shi birnin Brisbane na Ostareliya a 1961, inda ya karanci likitancin dabbobi. Daga 1967 ya yi aiki a wata cibiyar bincike da ke kiwon ƙananan aladu, irin waɗanda ko sun tsufa ba sa wuce gwiwar mutum, domin nazarin cututtukan ɗan Adam. A nan ya tabbatar da ƙa'idar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, wato jinin aladen da aka danne yana ihu ba ya nuna haƙiƙanin lafiyarsa, domin firgici kaɗai yakan ɗaga sukarin jini. A 1970 ya auri Kalolaine, ma'aikaciyar jinya 'yar Vava'u, wadda ya haɗu da ita a ƙungiyar mawaƙan majami'a, ko da yake duk wanda ya taɓa jin muryar Dokta ya san ba waƙa ce ta kai shi can ba.

Komawa Gida da Kafa Garke

A 1973 ya dawo Pangai a matsayin likitan dabbobi, ya fara tattara mafi ƙanƙantar aladun ƙananan tsibirai a wani shinge da ya kewaye bayan gidansa. Ciwon sukari ya riga ya fara cin mutanenmu, burinsa kuwa shi ne ya samu zuri'ar aladu masu gadon wannan ciwo, a gwada abinci da magani a kansu. Ya horar da su su kwanta cikin shimfiɗar buhu da aka huda wa ƙafafu, yana sosa musu ciki har su lumshe ido, sannan ya ɗebi jini daga jijiyar kunne ko ta wuya. Fitsari kuwa da safe ake tara shi, da zarar sun tashi sun nufi kusurwar da suka saba, da ƙoƙon kwakwa ɗaure a bakin doguwar sanda.

Mutanen gari ba su raga masa ba. A zaman shan kava, abin shan gargajiya da maza ke taruwa a kansa, wani dattijo ya ce masa, "Likita, ashe duk wannan karatu na Turai na tarar fitsarin alade ne? Da ka faɗa mana, ai da mun koya maka a nan kyauta." Shi kuwa ya amsa, "Baba, gobe ka zo da naka mu duba, na ga kana yawan zagayawa." A 1978 takardar gwaji ta sauya launi a fitsarin wata uwar alade, alamar akwai sukari, daga bisani aka ga haka a 'ya'yanta da jikokinta, kuma wannan zuri'a ce ta sa sunansa ya kai ga masana a ƙasashen waje.

Rasuwar Mahaifinsa

Guguwar 1982 ta share gonaki da dabbobin Ha'apai, ta bar masa namiji ɗaya da mata ƙalilan daga zuri'ar. A shekarar da ta biyo baya mahaifinsa ya rasu, a daidai lokacin da alade ya yi wuyar samu a duk yankin. Gwaggo Melenaite ta je shingen da kanta, mutane na biye da ita, ta nuna namijin da yatsa ta ce a gasa shi a matsayin aladen da ɗan fari zai bayar a makokin. Dokta ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki ɗauki gidan, ki ɗauki kwalekwalen. Wannan in ya tafi, aikin ya tafi." Ta ce, "Alade ne ko ɗan majalisa? Ubanka na kwance, kana yi mini lacca?" Ya ce ya riga ya aika a kawo saniya daga tsibirin Tongatapu. Ta dube shi ta ce, "Saniya ba alade ba ce. Tunda ka zaɓa, ranar taka sai shi ya zo ya zauna a kanka. Ni dai ba da ni ba."

Ba a taɓa jin ɗan ɗan'uwa ya hana gwaggo abu a bainar jama'a ba. An kira kyautar kowa a wurin makoki, ba a kira ta ɗan fari ba, abin da ya yi masa ciwo matuƙa, amma bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Masu ganin ya yi daidai da masu ganin ya ci mutuncin uban da ya haife shi suna nan har yau, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Shekarun Baya

Garken ya farfaɗo, kuma a 1991 ya wallafa ma'aunin jini da fitsarin lafiyayyen ƙaramin alade tun daga yaye har tsufa, wanda likitocin dabbobi suka riƙa amfani da shi don kada a ɗora wa ƙaramin alade ma'aunin babban aladen gona. Gwaggonsa ba ta sake yi masa magana ba har ta rasu a 1997. A makokinta ya ɗaura tsohuwar tabarma daga ƙirji zuwa ƙasa kamar yadda al'ada ta tanada, ya shiga cikin hayaƙin ramin gasa nama yana aikin da ya wajaba a kan 'ya'yan ɗan'uwa, amma aladun da ya sayo ya kai an mayar masa da su. Ya yi ritaya a 2005, matarsa ta rasu a 2011. A ƙarshen rayuwarsa ya sha gaya wa 'ya'yansa cewa mutuwa ba ta dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne a shimfiɗe shi ba kowa wajen kansa, 'ya'yansa mata su rasa mai yanke musu gashin makoki.

Rasuwa da Jana'iza

Dokta Heamasi ya rasu a gidansa a watan Yunin 2015 yana da shekara saba'in da biyar. An shimfiɗe shi, ana ta waƙoƙin majami'a, wurin kansa kuwa babu kowa, kuma kowa na kauce wa kallon wurin. Da hantsi jirgin ruwa ya sauke Lesieli, babbar 'yar Melenaite, tana dogara sanda. Ta wuce kai tsaye ta zauna ta ce, "Uwata ce ta rantse, ni ban rantse ba. Ku ba ni almakashi." Bayan ta yanke wa matan gashi, aka shimfiɗa mata manyan tabarmi ta zaɓi rabonta, sai ta ce garken take so, duka. Masu gasa nama suka fara duban wuƙaƙensu. Ta ce, "Yanzu nawa ne. Wanda ya taɓa ko jelar ɗaya, da ni zai yi." An binne shi kusa da mahaifinsa ƙarƙashin farin rairayi. Allah ya ba shi hutawa.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Taniela, malamin makaranta a Auckland, Sosefo, matuƙin jirgin ruwa, Meleseini, ma'aikaciyar jinya a Neiafu, da auta Dokta Fololeni, likitar dabbobi, wadda take kula da aladun Lesieli a bayan gidan mahaifinta.