Shekarar da Muka Kai Wasan Ƙarshe a Tawa

A ƙauyenmu, kusa da Kalfu, ba a fara wasan kofi sai an gama kai damman hatsi rumbu. Daga nan gonar da ke bayan lakwal, wato makarantar boko, takan koma fili. Mu tumɓuke kututturan gero, mu share ƙaya, mu kafa itace biyu a kowane gefe mu ɗaura igiya a sama. In na rufe ido har yanzu ina ganin hasken yamma yana kwanciya a kan duwatsun Adar, ƙwallo tana tashi sama kamar ba za ta sauko ba.

Baba ya ce tun yana saurayi aka ƙirƙiro kofin. Wasu malaman lakwal biyu ne, ɗaya a Kalfu ɗaya a Affala, suka ga manyan ƙungiyoyin Tawa ba sa kula ƴan ƙauye, sai suka ce bari ƙanana su yi nasu. Dokar ba ta da wuya. A jefa sunayen ƙungiyoyi cikin ƙwarya, a sa wani dattijo ya zaro biyu-biyu. Wanda aka fara zarowa, a filinsa za a buga. Wanda aka ci ya fita ke nan, babu ramuwa sai baɗi. In an tashi kunnen doki, a yi bugun fenariti kafin rana ta faɗi. Wasan ƙarshe kaɗai ake kai wa Tawa.

Abin da dokar ba ta yi tanadinsa ba shi ne tafiyar ci-rani. Da zarar sanyi ya kankama samari sai su fara ɗaure kaya, wasu su yi Abijan, wasu su yi arewa. Saboda haka kowace ƙungiya da abokan hamayya biyu take fama: na cikin fili, da motar da ke tsayawa a bakin kasuwa.

A shekarar da nake ba da labari ni ne ɗan bayan hagu, yayana kuma shi ke gaba. Dogo ne, ba ya son magana, amma in ya ɗauki ƙwallo sai ka ga kamar kowa ya rage gudu don ya kalle shi. Muka ci wasan farko a gida. Muka ci na biyu, washegari mai tsaron gidanmu ya hau mota. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, ya nemo wani makiyayi mai dogayen hannuwa ya tsaya mana raga da rawaninsa. Da shi muka je Affala a bayan babbar mota, muna waƙa, muka fitar da su a fenariti. A hanyar dawowa ba wanda ya iya waƙa. Muka yi ta kallon garken raƙuma da ke tafiya daidai da mu can nesa, kowa yana jin sunan Tawa a cikin kansa.

Sai kawu ya zo gida ya ce motarsu ta Abijan za ta tashi daga tashar Tawa, kuma ranar ta faɗo daidai da ranar wasan ƙarshe. Yaya zai bi shi, an riga an yi magana tun da damina. Mushe ya zo ya zauna da Baba a zaure.

“Baba, a bar mana shi ya biyo wata motar.”

“Mushe, bai taɓa tahiya ba,” in ji Baba. “Ban sakin shi hanya shi ɗai. Amma motar sai bayan la'asar taka tashi. Abin da ya samu kafin nan, naku ne.”

Haka Yaya ya shiga filin Tawa da jakarsa a ajiye bayan raga. Ban taɓa taka fili mai faɗin wannan ba. Jama'a ta kewaye mu, masu sayar da ruwa suna kira, wani yana buga kalangu. Ƴan wata unguwar Tawa ne abokan karawarmu, da riguna iri ɗaya. Can tsakiyar rabin farko na ɗaga ƙwallo daga gefena, ban ma duba ba, na ga Yaya ya tashi sama ya sa mata kai. Na tuna ragar ta motsa a hankali, kafin ihun ya iso kunnena.

Da aka tafi hutu, kawu yana tsaye da ɗan kabu-kabu. Yaya ya wanke fuska, ya ɗauki jaka, ya dafa kafaɗata.

“Ku riƙe ta haka nan.”

“To, Yaya. Allah ya kiyaye hanya.”

Ba mu riƙe ba. Suka rama, suka ƙara, aka ɗaga musu kofin muna zaune a ƙasa muna cire takalma.

Lokacin waya ba ta iso ƙauyenmu ba. Yaya bai dawo ba sai da hadari ya fara haɗuwa, ya rame, ya yi gemu. Bayan ya gaisa da mutanen gida ya ja ni bayan rumbu.

“Ina aka aje kofin? Lakwal ko gidan mai gari?”

Na ce masa an ci mu. Ashe wani direba ne ya ce musu a hanya ƴan ƙauye sun ɗauka, shi kuma ya yarda. Duk ranin nan, yana tura kurar kaya a kasuwar Abijan, kofin yake gani a kan teburin Mushe, har ya yi wa ƴan ɗakinsu shayi don murna.

Na zaci zai yi fushi. Sai ya zauna a kan turmi ya yi ƴar dariya.

“Gara da ban sani ba,” ya ce. “Zo ka gaya mani yadda suka ci ta farkon. Ta gefenka ta biyo?”

Ta gefena ta biyo. Na zauna a ƙasa na zana masa da tsinke inda kowa yake tsaye, muna cikin haka yayyafi ya fara sauka, Inna ta kira mu mu shigar da awaki.