Ragon Suna a Tudun Yashi

Duk Dandamisa babu wanda ya kai Yahuza iya ɗaure dabba. In ya buga turke ya ja ƙulli, ko bijimi mai taurin kai sai ya haƙura ya kwanta. Yau ga shi da furfura yana noman rakensa, amma har yanzu Kyaftin ake ce masa, kuma ba don girmamawa ba.

Sunan ya samo asali ne shekarar da ya bi motar raguna zuwa Oron, can kudu a bakin teku. Wansa Iliyasu yana sana'ar tsire a wani ƙauyen masunta da mota ba ta zuwa, matarsa ta haihu. Tsohuwarsu ta ware rago cikin nata, ta ce Yahuza ya kai shi da hannunsa kafin ranar suna, in kuwa ragon bai isa ba, shi ma kada ya dawo mata gida.

Jirgin da ya samu kwalekwalen wani dattijo ne, Ete Okon. Babu inji, sai buhunan shinkafa da aka ɗinke aka ɗaga a kan gora, iska na turawa. Yahuza ya duba ya ce su a garinsu barkono ake shanyawa a kan irin wannan. Suna fita bakin kogi ruwa ya fara ɗaga su yana makawa. Iska ta juya, gorar ta zagayo ta tafi da hularsa. Shi yana amai, ragon yana kuka, dattijo yana waƙarsa.

Wajen la'asar ruwa ya janye, jirgin ya zauna daram a kan tudun yashi. Ete Okon ya jefa dutsen da ke riƙe jirgi, mai doguwar igiya, ya ce zai taka zuwa bukkokin masunta neman taba. Da gurguwar Hausarsa ya ja wa Yahuza kunne cewa ruwan nan zai dawo.

Da ya ba da baya, Yahuza ya dubi ragon ya ce, "Ka ji tsoho. Mu ma namu yana dawowa ai, in damina ta faɗi."

Ƙafafun ragon na ta rawa, tausayi ya kama shi. Ya sauke shi, ya kafa sandar tuƙi a yashi. Igiyar wuyan ragon ta yi gajarta, sai ya kwance ta dutsen, tunda jirgin da ke zaune a ƙasa ba ya buƙatar ɗauri. Ya ɗaure ragon da ita a jikin sandar, ya ja ƙullinsa na gado, ya yi salla, ya miƙe cikin jirgi.

Lilo ne ya tashe shi. Jirgi na tafiya shi kaɗai, can baya ga rago ruwa ya kai masa ciki. Yahuza ko a rafin garinsu bai taɓa iyo ba. Ya dubi ruwan, ya tuna fuskar tsohuwa, ya ga ruwan ya fi sauƙi. Ya dira.

Ƙullin ya jiƙe, ya ƙi kwantuwa ko da haƙori. Ya tumɓuke sandar gaba ɗaya, ya saɓa ragon a wuya, ya tsaya. Ruwa ya zo ƙugu, ya zo ƙirji, yana karanto duk surar da ya sani har da wadda rabinta kawai ya riƙe.

Ete Okon ya taho a kwalekwalen aro. Jirginsa ya fara kamowa, sannan ya karɓi rago. Yahuza kuwa sai da dattijon ya tsaya ya ƙare masa kallo.

"Damina ta faɗi, Baba," in ji Yahuza, ruwa a haɓarsa.

An yanka ragon a kan lokaci. Iliyasu, da yake ɗan sana'a ne, ya ɗanɗana ya ce naman nan kada a ƙara masa gishiri. Shi ne kuma ya bugo waya gida ya ba da labari, sunan Kyaftin ya riga mai shi isowa Dandamisa.