Makullin Da Aka Ƙi Karɓa

Wa ke sallamar mutumin da ba a taɓa ɗauka aiki ba? Na tambayi malamai, na tambayi 'yan buro, wato ma'aikatan ofis, har yau ban sami amsa ba. Ban yi lakol ba, ban san boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma wallahi da idona na gani.

Maigidana mai tsaron wani ƙaramin ɗakin kayan tarihi ne a Agiye, inda aka tara tsofaffin garkuwoyi da ganguna da galma irin ta kakanni. Ɗan kwantaragi ne. Kowace shekara sai a ce ya yi haƙuri, baɗi za a mai da shi cikakken ma'aikaci, har furfura ta cinye kansa. Umarni ɗaya aka ba shi: kada ya bar ƙofar sai an aiko mai canjinsa. Ko bikin 'yarmu a Cadawa, tsaye ya sha fura ya koma.

Da damina zazzaɓi ya ɗauke shi. Allah ya jiƙansa, har yanzu ban iya taɓa tabarmarsa ba.

Bayan na fita takaba na kai makullin ɗakin tarihin buro. Wani mai kirki ya ba ni kujera, ya ce, Inna, ba mu da ikon karɓa, a wurinmu ba a taɓa ba shi makullin ba, kwantaraginsa ma ya ƙare tun kafin rasuwarsa.

Na ce to bari in rataye shi a ƙofar ɗakin tarihin. Wajen azahar ne, rana tsaka. Na tarar an share gaban ƙofar an yayyafa ruwa, ƙasa da danshi, ga warin man da yake shafa wa garkuwoyi. Ƙofa a kulle, makulli a hannuna. Sai ga maigidana zaune bisa kujerarsa, da hular da na wanke na ninke na sa a akwati. Na tsaya ina kallonsa.

Ku masu ɗaukar mutane aiki, ku ɗauke su sosai, ku sallame su sosai. Makullin yana nan ɗaure a bakin zanena, na kasa barci, na kasa komawa.

Ran nan a bakin ƙofar, maigidana bai ko tambayi yara ba. Hanya yake ta leƙe, sannan ya dube ni ya ce, "Hajo, kin ga mai canjina a hanya? Na gaji, ina son in tafi."