Hotunan Injin Baba

Ba don sha'awa na fara ɗaukar hoton ƙarfe ba. Mahaifina yana da injin niƙa da na casar shinkafa a Kibiya, kuma da can idan wani abu ya lalace sai a kwance shi a ba direba ya kai Kano a nemo irinsa. Da na gama kwalejin horon malamai na dawo gida, ni ce mai waya mai kyamara, sai aikin ya dawo kaina: in ɗauki hoton abin, in tura wa mai sayar da kayan gyara.

Wata rana boris, zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa, ya ci. Akwai lamba a jikinsa, amma tsatsa ta rufe ta, mai kayan ya ce ba ya ganin komai. Na goge, na sake ɗauka, ba ta fito ba. Cikin latse-latse na mayar da hoton baƙi da fari, sai ga lambar tar. Na tura masa, amma na daɗe a tsaye ina kallo. Da launi ya tafi, kowane zane da ke jikin ƙarfen ya fito, har da garin masara da ya kwanta a gefensa.

Daga nan na kamu. In na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in biya wurin injin. Wajen la'asar rana tana shigowa ta wata ɓula a jikin kwanon rufi, ta sauka kan injin. Na ɗauki haƙoran faifan niƙa, da notin da sifana ta cinye wa kusurwa, da bel a daidai inda aka ɗinke shi. Matan da ke jiran niƙa suna yi mini dariya. Wata dattijuwa ta ce, "Malama, ga mutane zaune sun yi kwalliya, ke kina ɗaukar ƙusa?"

Baba bai taɓa cewa komai ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na, kuma ba ya yi mini faɗa. Iyakarsa ya kashe injin in ya ga mayafina ya matso kusa da bel.

Da hutu ya zo na je Rano na sa aka wanke mini hotuna guda goma. Na kawo wa Baba yana zaune a kan benci. Ya goge hannu a rigar aiki, ya karɓa, yana duba su ɗaya bayan ɗaya. A kan na shida ya tsaya. Hoton wata walda ce a ƙafar injin, mai kauri, kamar tabon ƙuna.

"Uwata, kin san wanda ya yi wannan?"

"A'a, Baba."

Ya ce wani bakanike ne mutumin garin Saji. Shekarar da aka haife ni ƙafar ta tsage ana tsakiyar kaka, kowa ya ce sai dai a sayi sabuwa. Mutumin ya zo a kan keke, ya wuni a kanta, har yau ba ta motsa ba. Yanzu ya tsufa, ya bar aiki.

Ranar Juma'a Baba ya ɗauke ni a babur muka kai wa bakaniken hoton. Tsohon ya kai hoton dab da idonsa, ya bi layin waldar da ɗan yatsa.

"Nan hannuna ya ɗan girgiza," in ji shi.

Ya sa aka kawo mana fura, muka zauna har aka kira la'asar.