Abin da Kalangu Ya Ce da Gwaggo

Makon jiya jikata ta ja ni zauren taron unguwarmu a nan Mayil Wan, wai matasa sun shirya zaman tarihin Hausawan Fatakwal, za a yi maganar kiɗan da, da fitattun mata, da ma'aikatan da aka manta. Na je ne don kada a ce tsohuwa ta ƙi. Da aka zo kan mata, shugaban taron ya ce za su karrama su da wani tsohon kiɗa da suka samo a kaset. Kalangu ya tashi. Bugu uku na gane shi.

In ba a gidan mahauta ka tashi ba, za ka ɗauka kalangu amo ne kawai. Magana yake yi. Kowane mahauci da takensa, ana bugawa ya san da shi ake. Wannan kuwa na mace ne, kuma ba yabo ba ne.

Gwaggo yayar babana ce. Ranar da mutanenmu suka gudu arewa gabanin yaƙin basasa, mota ta cika, innata na tsaye a ƙasa da tsohon cikina. Gwaggo ta sauko ta ba ta wurinta, ta ce za ta biyo motar gobe. Motar gobe ba ta zo ba. Wata maƙwabciya mai sayar da manja ta ɓoye ta har aka gama yaƙin. Da muka dawo muka same ta da rai, ta rame kamar sillen kara, tana jin yaren Ibo, tana ɗaura zani biyu irin nasu, gidanmu kuma ko ƙyaure ba a cire ba. An yi murna kwana biyu. Daga nan aka fara tambayar me ta ci, wa ya ajiye ta, da me ta biya. Masu tambayar nan duk a zaune cikin mota suka tafi arewa.

Sai kuɗin man fetur ya zo. Kamfanoni suka cika Trans-Amadi, nama ya yi kasuwa, babana ya sayi babur da rediyo ya fara harin sarautar fawa. Gwaggo tana bayan kwata cikin mata masu wankin tumbi da hanji, a ruwan Fatakwal da ba ya gajiya da sauka. Yatsunta sun yi fari sun tsattsage. Ƙarnin kayan ciki bai taɓa barin jikinta ba ko ta yi wanka sau uku, kuma da wannan hannu take yi mini kitso.

Ina da shekara takwas, ranar Babbar Salla da la'asar, makaɗin mahauta ya tsaya a ƙofar gidanmu ya bugo sabon take. Maza suka bushe da dariya. Babana ya tashi ya manna masa sabuwar naira a goshi. Kiɗan akwai daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba, na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi. Na ruga ciki na tarar da Gwaggo tsugune tana kankare tumbin ragon layya.

"Gwaggo, me kalangun yake cewa?"

Ba ta ɗago ba. "Cewa yake, ragowar yaƙi, wa ya ci ya rage mana."

"Wace ce ragowar?"

"Ni ce, 'yar nan. Je ki yi rawarki."

Na kuwa koma na yi. Ni na koya wa yaran unguwa baitin, muka riƙa bin ta da shi har bakin titi.

Kafin watan ya ƙare babana ya ce mai neman sarauta ba ya zama da abin gori a gida. Ya sa ta a motar shanu mai komawa arewa. Wannan karon wuri bai yi wuya ba, bayan motar babu kowa. A can ta rasu wajen dangin da ba su san ta sosai ba. Sai bayan rasuwarta innata ta gaya mini zancen wurin da ta bar mata a motar gudun nan, tana gaya mini tana tankaɗe, kamar labarin wasu.

A zauren taron kuwa, 'yan mata sun tashi suna takawa, har da jikata. Hoton babana na bango cikin dattawan da aka ce su suka farfaɗo da unguwa. Shugaban ya zo ya rusuna.

"Hajiya, an ce ke kaɗai kika rage mai jin kalangu. Me yake cewa, mu rubuta?"

Na dubi hoton, na dubi jikata. Na ce, "Yabon wata mata ne mai haƙuri."

"Sunanta fa?"

"Na manta."

Ya rubuta, aka yi tafi. Kunya nake ji har yanzu, na kuma san ba Gwaggo na rufa wa asiri ba. Yau injin ke wanke tumbi a wasu wuraren, makaɗan sun mutu, yara ba sa jin ko gaisuwar kalangu. Ranar da aka binne ni zagin nan zai zama yabo, ba kuma wanda zai san an taɓa sauka daga mota domina.